Mama a Kan Tudun Bayan Coci

Yaya Cecilia,

Gaisuwa daga Fatakwal. Ya yara, ya Kontagora?

Ni lafiya, na ɗan rame ne kawai, kada ki gaya wa Mama.

Kwana tara da sabis ya ɗauke a ƙauyenmu ban ji muryarta ba, abinci ya ƙi shiga. Ni da nake tsara wa ma'aikatu da jami'o'i layukan waya, na kasa samun uwata! Sai na duba taswirar ofis, na ga sabis yana kaiwa tudun bayan coci. Na gode da kika aika aka gaya mata.

Jiya ta hau, ta kira tana haki: "Markus, ka ci abinci?" Nan take na ci.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Markus