Tejal da Jifan Jamuna

Litinin, 4 ga Disamba

Tejal ta shigo shago da la'asar, ta cilla jakar wasanta ƙarƙashin teburin yanka, ta ce ta bar sofbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda. Haka kawai. Ina tsakiyar haɗa hannun wata riga, allura a baki. Babban yatsanta na hagu ya kumbura ya koma kamar ɗan yalo.

Shekara uku yarinyar nan tana tsugunawa bayan mai bugu tana cafe jifa, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Uwarta, ƙanwata Shubangi, ta bugo waya, ta kira ni Tai, wato Yaya: "Tai, ke kika sa mata abin nan a kai, ke za ki san yadda za ki yi da ita." Ni me na yi? Don na tsuguna a wannan gurbin shekara biyar lokacin ina kwaleji? An yi shekara ashirin da bakwai rabona da fili.

Laraba, 6 ga Disamba

Wadda ta bar wasa ta tafi atisaye. Na rufe shago na bi ta.

Mahajan Sar, wato Malam Mahajan, mai horar da su, tun daga nesa ya gane ni. Wai, "Kalindi Tai, ashe kina duniya?" Na ce ina nan, na ga tumbinsa ya riga shi isowa. Ya yi dariya har da tari.

Sannan na ga dalilin yatsan. Sabuwar mai jifa suka samu, Jamuna, daga ƙauyukan kan dutse, a ɗakin kwanan makaranta take zama. Doguwa, siririya kamar rake. Hannun ya juya kamar fanka, ta saki ƙwallon ta ƙasa, sai dai ka ji ƙara. A shekara goma sha huɗu! Cikin jifa goma, shida sun kuɓuce wa Tejal.

Sar ya ja ni gefe. Ranar ashirin da uku za a zaɓi 'yan wasan gunduma. In Tejal ba ta iya riƙe jifan Jamuna ba, sai dai a bar ta a gida. Bai ji daɗin faɗa ba, na gani.

Na kuma ga abin da bai gani ba don yana tsaye ta baya. Rufe ido Tejal take yi in ƙwallo ya taho.

Alhamis, 7 ga Disamba

Na faɗa mata. Ta rantse da duk abin da ta sani ba ta rufewa. Na dunƙule ƙyalle na wurga mata a fuska, idanu biyu suka rufe ruf.

"Mawshi," wato Inna, haka take kirana, "ai ba ki ce za ki jefo ba."

"Ita Jamuna wasiƙa take aiko miki?"

Ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata.

Asabar, 9 ga Disamba

Na ɗinka ƙwallaye ashirin da ragowar yadi, kowanne da launinsa. Ta sa ƙarfen kare fuska, ta mai da hannuwa baya, ta tsuguna a bakin shago. Ina jifan fuskarta, ita kuma dole ta faɗi launin kafin ya same ta. In ta rufe ido ba za ta sani ba, ƙarya ta ƙare.

Farko duk abin da na jefa sai ta ce ja. Daga baya ta fara dacewa.

Tsoho mai shayi na tsallaken titi ya zo da kofi a hannu ya tsaya yana kallo. Can ya tambaye ni a hankali ko sata yarinyar ta yi.

Lahadi, 10 ga Disamba

Kafaɗata. Ko tsefe kai na kasa.

Talata, 12 ga Disamba

Mun bar ƙyalle mun koma lemun tsami, yau kuma ƙwallon gaske, a lungun bayan shago. Ba ni da ƙarfin Jamuna, sai na matso kusa, taku bakwai, don ya riƙa iso mata da wuri. Babbar matsalarta bayan ido: kai wa ƙwallon cafka take yi kamar mai kama kaza. Na ce ta bar shi ya zo, ta karɓe shi, hannu a sake. Na farke kafaɗar wata tsohuwar kwat da mai ita bai dawo ba tun bara, na ɗinka mata audugar cikin safar fatar da take cafe ƙwallo da ita, daidai gindin yatsa.

Mun fasa tukunyar furen maƙwabciya. Na ce iska ce. Tejal ta dube ni. To, gobe zan kai mata wata.

Alhamis, 14 ga Disamba

Takwas cikin goma a fili! Ta taho gida tana tsalle, na saya mata jalebi, soyayyar alawar nan, mai zafi a hanya, ta cinye har da nawa.

Sai dai Sar bai yi murna ba. Ni ma da na zauna a kan keken ɗinki abin ya riƙa dawo mini. Ƙarar ba irin ta makon jiya ba ce. Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 17 ga Disamba

Na sa Tejal ta gayyato Jamuna cin abincin rana. Ta yi ta noƙewa, wai ba sa magana, wai yarinyar girman kai gare ta. Na ce ta je dai.

Na gasa yalo na daka da gyaɗa da barkono, na yi gurasar dawa. Jamuna ta zauna a bakin tabarma kamar wadda aka kawo hukunci, ta ci gurasa huɗu ba ta ɗaga kai ba. Babu wani girman kai. Kunya ce da kewar gida. Da na tambaye ta inda ta koyi jifa, ta ce birai take kora daga gonar masarar babanta tun tana shekara shida. Tejal ta ƙware da ruwa.

Sai na yi tambayar da ke cina. Na ce ranar Alhamis da dukkan ƙarfinta ta yi jifa?

Sai ta girgiza kai. Wai 'yan ɗakinsu suna ce mata mai karya yatsu, kuma ta ji Tejal za ta bar wasa saboda ita, shi ne ta rage. Sar kuma ya ce mata in haka za ta ci gaba da jifa, ita ma gida za ta zauna.

Fuskar Tejal. Takwas ɗin da take ta faɗa wa kowa, ashe tausayi ne. Ta tashi ta haye saman soro. Na zauna ina zagin kaina, me ya kai ni tambaya a gabanta. Jamuna ta fara tattara kwanuka tana hawaye, na ce ta bari.

Kamar rabin awa. Sai ga ta ta sauko da ƙarfen fuska a kai, idanu jajur ta bayansa.

"Tashi, mai korar birai. Ki jefo da gaske. In kin rage zan sani."

A lungu. Na farko ya wuce ta ya daki ƙofar wani. Na biyu ya same ta a ƙirji, ta yi tari, ta ɗaga hannu wai a ci gaba. Na uku ya taɓa safa ya fice. Na huɗu ya zauna. Tas! Har tattabaru suka tashi daga kan waya. Ta buɗe safar tana kallon ƙwallon kamar ba ta san shi ba.

Idonta biyu. Na duba da kyau.

Talata, 19 ga Disamba

Yanzu ba sa rabuwa. Sun ƙirƙiro alamu da yatsu, kowane jifa da sunansa, ba sa gaya mini. Na tsuguna in nuna wa Tejal yadda ake tare ƙwallon da ya bugi ƙasa, gwiwa biyu a ƙasa, haɓa a ƙirji. Na nuna da kyau kuwa. Tashi ne ya gagara. Su biyu suka ciccibe ni suna dariya, marasa kunya.

Alhamis, 21 ga Disamba

Shida cikin goma, na gaske. Bakwai da yamma. Ko zai isa, ban sani ba.

Asabar, 23 ga Disamba

Shubangi ta biyo ni wurin zaɓen 'yan wasan, ba ta san komai a wasan ba, duk wanda ya ruga sai ta tafa.

Har zagaye na huɗu lafiya lau. Sannan wani jifa ya bugi ƙasa ya tsallake Tejal, ya tafi can baya, ga mai gudu ta taso daga kusurwa ta biyu. Makon jiya da tsayawa za ta yi tana kallon ƙasa. Yau ta fizge ƙarfen fuskar ta yar, ta bi ƙwallon, ta juyo ta jefa. Ba ta samu mai gudun ba, ta makara kaɗan. Amma sai ta taka har wurin Jamuna, ta rufe baki da safa ta faɗa mata wani abu, suka tuntsire da dariya a tsakiyar fili. Ta dawo ta tsuguna. Uku a jere suka fitar, babu wadda sandarta ta taɓa ƙwallon.

Daga baya na tambaye ta me ta ce. Wai, "Cewa na yi wannan birin ya tsere, saura na gaba."

Sar ya karanta sunaye goma sha shida. Jamuna ta uku. Tejal ta goma sha ɗaya, kuma tsakanin uku da sha ɗaya na tsufa. Muryata ta dushe. Na ce wa Shubangi mura ce.

Juma'a, 29 ga Disamba

Tejal da Jamuna sun tafi gasa a birnin Nashik da safe a jirgin ƙasa. Shago tsit.

Da rana Sar ya leƙo, ya sha shayi, ya yi ta kewaye-kewaye. Wai akwai ƙananan yara uku, 'yan shekara tara da goma, duk suna son tsugunawa bayan mai bugu, shi kuma bai taɓa yin gurbin ba. Na ce ina da shago, ina da gwiwa, ya nemi wata. Ya ce to, su dai Asabar da safe suke atisaye.

Na manna takarda a ƙofa, ranar Asabar sai sha ɗaya za a buɗe. Dama babu ciniki da safe. Leƙawa kawai zan yi.

Ɗaya cikinsu bahaguwa ce, in ji shi. Ban san inda ake samun safar hannun dama ƙarama a garin nan ba. Na tambayi mutum biyu.