Tsohuwar Rigar Makarantar Hadiza

Zuwa ga Shugaban kamfanin bas-bas ɗin da ke bin hanyar Hotoro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni mai dafa abinci ce a wani gida a Nassarawa GRA. A ɗakin baya nake zaune da 'yata Hadiza tun rasuwar mahaifinta.

Na farko: kun ce duk wanda ya sa kayan makaranta rabin kuɗi zai biya. Hadiza ta bar makaranta a aji biyar na sakandare saboda na kasa biya, sai na kai ta koyon ɗinki a Hotoro. Shekararta sha bakwai, sa'ar waɗanda kuke yi wa ragi, amma cikakken kuɗi take biya, zuwa da dawowa.

Na biyu: 'ya'yan mai gidan da nake wa aiki kayan makarantarsu kala uku ne, kuma direba ke kai su. Wadda take buƙatar ragin ita ce ba ta da rigar.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Ashe tun bayan Sallah Hadiza take ɓoye tsohuwar rigar makarantarta a jaka, ta sa a bakin titi. Ranar Talatar da ta wuce kwandastanku ya ga almakashi da tef ɗin awo a hannunta, ya sauke ta a tsakiyar hanya yana kiran ta ɓarauniya, mutane na dariya.

Ban goyi bayanta ba. Ƙarya ƙarya ce, ko ta naira ɗaya. Na sa ta yanka rigar da hannunta, da almakashin da na saya mata. Tana yankawa tana kuka, ban ce ta bari ba. Ni na hukunta tawa. Ku wa zai hukunta ku, da kuka shirya doka mai koya wa 'yar talaka ƙarya?

Tun ranar ba ta koma wajen ɗinki ba, kuma mai shagon ta ce za ta ba wata yarinya keken ɗinkinta idan wata ya ƙare.

Roƙona: ku yi ragin bisa shekaru da halin gida. Ku karɓi takardar mai shago ko ta mai unguwa. Ku ja wa kwandastocinku kunne.

Allah Ya shirya maka zuri'a, Ya sa kada ka ga ranar da za ka hori ɗanka a kan laifin da rashinka ya jawo. Tsummokaran rigar suna nan. Na kasa goge ko tukunya da su.

Wassalam,
Mahaifiyar Hadiza