A Dambe Wanda Ya Faɗi Ya Gama, A Ƙwallon Yara Fa?

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Yara ta Unguwanni, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ni mahauci ne a Ƙofar Rini, mahaifin Nasiru, golan unguwarmu, ɗan shekara goma sha uku. Ba faɗa ya kawo ni ba. Tambaya ce ta hana ni sakat, kuma matambayi ba ya ɓata.

Asabar da ta wuce, a filin Minanata, kan Nasiru ya gwaru da gwiwar wani yaro. Ya faɗi, ya yi shiru. Aka fasa masa ledar ruwa a ka, aka duba ba jini, aka tafa masa, ya koma raga. Da ya dawo gida sai amai. Ya yi ta tambayar mahaifiyarsa wa ya ci wasan, har ta fashe da kuka. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza, kuma bugu na biyu kafin ta warke ya fi na farko haɗari.

Na ɗaya, mu gidan dambe ne tun kakanni. Ana ce mana marasa tausayi, amma a wurinmu ƙato ya taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Me ya sa a ƙwallo ake tayar da yaro a mayar?

Na biyu, wa ya koyar cewa sai an ga jini ake ciwo? Kullum ina fasa kan rago. Abin da ke ciki bai fi kindirmo ƙwari ba. Ruwan leda ta ina yake shiga can? Da gaske nake son sani.

Na uku, jiya kocinsu ya zo yana roƙo in bar Nasiru ya tsare raga a wasan ƙarshe. Na hana. Yanzu yaron ba ya haɗa ido da ni, wai na mai da shi matsoraci. Wannan ya fi komai yi mini zafi.

Roƙona, a kafa doka: yaron da ya bugu a ka ya fita, kada ya dawo wasa sai likita ya sallame shi. Sannan don Allah ka tako gidanmu, ka faɗa wa Nasiru da bakinka cewa zama a benci ba tsoro ba ne. Maganarka zai ji, tawa ya daina ji.

Allah ya ƙara maka basira, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Mahaifin Nasiru,
Ƙofar Rini.