Ka Sake wa Zulkarnain Hannu

Daga Salaga, zuwa ga Yayana Alhaji Abdul-Wahid a Yendi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da iyali duka. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da kwana. Mu nan an fara haƙar doya, Fadilatu ma ta yaye yaronta lafiya. Mudassira matar maƙwabcina ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na ce kada ta gyara mini ko kalma. A waya da na fara sai kuka ya ci ƙarfina, kai kuma ka ce in yi haƙuri, ka kashe.

Yaya, maganar ɗanka Zulkarnain ce, ɗan cikina. Ka san yadda ya dawo mana daga Bawku, bayan an harbe abokinsa da ya goyo a moto, wato babur, a hanyar Pusiga. Ba ci, ba magana. In tayar lori ta fashe a tasha sai ya shige bayan ƙofa, magidanci mai 'ya'ya biyu. Mun yi hayaƙi, mun yi sadaka. Sai wata nas a asibiti ta ce ya sayi littafi, kullum bayan la'asar ya rubuta duk abin da ke cin ransa, ba don kowa ya karanta ba. Ni ko alif ban sani ba, amma idona ya gani. Ya koma cin tuwo, ya ɗauki 'yarsa, ya fara leƙa kasuwar doya. Ran nan har tsokanata ya yi, wai kokona ya fi lemun tsami tsami.

Sai ka zo suna ka buɗe littafin, aka karanta maka, ka ji jini da mutuwa. Ka ce rubutu abu ne da ake wankewa a sha don ya shiga jiki, wanda ya rubuta masifa kiranta yake yi. Ka jefa shi aljihu, ka sa yaron ya rantse da Allah ba zai ƙara ba. Ban musa maka a gaban mutane ba, kai ne ubansa tun da nasa ya rasu.

Amma Yaya, ka tuna Innarmu shekarar da ƙyanda ta ɗauke Fawaz, autanmu. Sai ta durƙusa kan dutsen niƙa tana waƙa, tana kiran sunansa, tana faɗin zafin jikinsa da yadda aka fita da shi a tabarma. Kai kana zaure, ni ina tara mata gari. Ba wanda ya ce tana kiran masifa. In ta gama ta share ido da bakin zane ta ɗora mana tukunya. Ni ma da dutsen nan na yi takaba. Yau injin nika-nika ya kashe dutse, namiji kuwa dama ba shi da shi. Wallahi littafin nan shi ne dutsen yaron nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma shi ma yana cika.

Matarsa Taslima ta sayo masa sabo. Yakan ɗauka, ya juya, ya ajiye, ya ce rantsuwar Kawu na wuyansa. Ya sake barin abinci. Shekaranjiya da rana tsaka ta same shi tsaye a bakin rijiyar bayan gida, ba guga a hannunsa. Mun rufe ta da kwanon rufi mun ɗora dutse. To Yaya, kai ka san Salaga garin rijiyoyi ne, rijiya nawa zan rufe?

Tsohon littafin ka riƙe, ka binne in ka so. Abu ɗaya nake roƙo, don darajar nonon da muka sha. Ka kira shi da bakinka ka ce ka janye, ya rubuta. In kaffara ce, ni zan tuƙa tuwon da hannuna in ciyar. Kada ka ce sai ka zo da Sallah. Ban san ko zai kai Sallah ba.

Ka gaida Hajiya Firdaus, da Wadud da matarsa, da Zainudeen in ya dawo daga Gambaga. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wayar Taslima na hannuna, ba zan ajiye ta ba.

Ƙanwarka,
Fuseina