Kada Ka Tafi Bakin Shinge Ranar Laraba

Zuwa ga hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da na sha na daina neman wani, Baban Auta, mai hoton da kowane jirgin sama ya san fuskarsa, ko in ce rabinta, tunda ɗaya rabin kullum yana bayan kyamara.

Bayan gaisuwa mai yawa, na naɗe wannan takarda a jikin dogon gilashin kyamararka ne don nan kaɗai na tabbata hannunka zai kai kafin Laraba. Da a gefen kwanon abincinka na ajiye ta, da sai ta tsufa a wurin.

Ya sanyin zuciyata! Wace mace ce ta yi dace irin nawa? Wasu mazan tuƙin mota suke koya wa matansu, ni nawa ya koya mini kama jirgi da kyamara a sararin sama. Kuma na haddace tsaf. A ba rana baya. A kafa ƙafafu, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a juya daga ƙugu ana bin jirgin, kada a tsaya ko bayan an danna. A sa saitin da ke bin abu mai motsi. In babban jirgin fasinja ne, a ƙara saurin ƙiftawar kyamara. In mai farfela ne a rage, don farfelar ta fito tana juyi, in ba haka ba sai ya yi kama da jirgin da injinsa ya mutu yana shirin faɗowa. Ranar da ka yi mini wannan bayani, abinci bai shiga cikina ba. Na koyi rubutu da furfurata don in riƙa karanta saƙon yarana da kaina, ga shi yau darasin farfela nake rubutawa!

Ka tuna hoton farko da ka ɗauke ni, a ƙofar shagonka, kafin a ɗaura mana aure? Ka ce kada in motsa. Ban motsa ba, kai ne hannunka ya yi ta rawa, hoton ya fito dishi-dishi kamar an hango ni cikin ruwan sama. Ka ce laifin haske ne. Yana nan a ƙasan akwatina, kuma duk hotunanka babu wanda ya kai shi a wurina.

Sai ranar da babban ɗanmu Dogo ya tafi. Ka sauke mu da jakunkuna a ƙofar filin jirgi, ka ce bari ka gyara wa mota tsayuwa. Yaron nan ya yi ta waiwayen ƙofa har aka kira su. Ashe kana can bakin shingen waya, ka ba rana baya, ka ba mu baya. Hoton kuwa ya yi kyau, wa zai musa? Ga shi a bangon falo: jirgi da cikinsa fari na ƙarfe, tayoyi sun soma naɗewa, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓuya ba. In baƙi suka ce ina Dogo, sai in nuna musu wata taga a jikin jirgin. Kullum wata daban nake nunawa, babu wanda ya taɓa kama ni.

Amma ya tauraron asubata, na duba sauran hotunan ranar. Na ƙarshe duk dishi-dishi ne, daga wayar shinge sai gajimare. Ka ce gilashi ne ya yi datti. Gilashin da kake gogewa fiye da tabaranka? Na ga idanunka da ka dawo mota. Irin rawar hannun nan ce ta ƙofar shago, na san ta. Ba jirgi ka je kamawa ba, wurin ɓuya ka nema.

Ranar Laraba Auta za ta tafi karatun jinya. Jiya tana fama da zif ɗin jakarta, ba ta ko ɗago kai ba, ta tambaye ni ko Baba zai shigo ciki, ko a ranar ma mota za ta buƙaci gyaran tsayuwa. Sai kawai na ƙara mata maganin mura a jaka.

Ina roƙonka don Allah, ka shigo. Ka bar dogon gilashin a gida, ka ɗauko gajeren nan na ɗaukar biki. Ka ɗauki fuskarta. In hannun zai yi rawa, ya yi ta yi, ni masu dishi-dishin nake ajiyewa.

Ni ma ga nawa alkawarin. Kullum kana cewa a bar fili a gaban hancin jirgi, don ya samu inda zai nufa a cikin hoton. To, zan bar wa Auta fili. Ba zan riƙe mata mayafi ba, ba zan sake ƙirga mata magunguna ba, ba zan tambayi ma'aikatan ko sun duba injin ba. Amma ba zan iya ni kaɗai ba, sai kana tsaye a gefena. Jirgin nan zai dawo mako mai zuwa, da cikinsa da tayoyinsa, har ni zan riƙe maka jaka. Waiwayen Auta kuwa sau ɗaya ne.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ta kafa ƙafafu tana bin ka duk inda ka juya, ba ta kuma tsaya ba ko bayan an danna,

Maman Auta