Kiɗa ɗaya, suna huɗu

Alhamis da dare, unguwar Al Rigga

Ƙafafuna ciwo suke, amma yau na yi abin kai. Tsohuwar nan 'yar ƙasar Ailan da ta sauka a otal ɗinmu ta kwana uku tana neman wani kiɗan rawa na ƙasarsu, wanda marigayi mahaifinta yake yi da goge. Sunan da ta sani ba ya fitowa a waya. Da na kai mata shayi na ce, "Mama, bar sunan, rera mini."

Tana rerawa na gane shi. Da shi Baturen da ke mana goge a otal ran Asabar yake rufe wasa, amma wani suna yake kiransa. Musa abokin aikina ya ce, "Habibi, ina kai ina kiɗan Turawa? Khalas, bar maganar!" Ban kula shi ba. A wajenmu Damagaram ma kiɗa ɗaya ne, kowane ƙauye da sunan da ya raɗa masa.

Na nemo mata faifai huɗu, kowanne da sunansa. Biyun farko sun cika sauri. A na uku ta ajiye kofi, ta rufe ido, ta ce, "Haka Baba yake jansa."

Na huɗun ko kunna shi ba mu yi ba.