Takardar Sani ta shiga

Ƙanena Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinka, ya iyali, ya zaman Ikko? Mu lafiya lau.

Albishirinka, ɗana Sani zai tsaya takarar kansila! Kwana uku jami'in zaɓe yana ɓuya, don a rufe karɓar takardu a ce ɗan gwamnati ya wuce babu hamayya. Kukun wani gida nan unguwar Nassarawa ya tsegunta mini inda yake. Na tarar da shi yana shan shayi.

Ya ce, "Malam, ai ofis a rufe yake."

Na ce, "Garba, ni na koya maka riƙe alƙalami. Sa hannu."

Ya sa hannu, ya karɓi takardar Sani.

Na san su ne za su ƙirga ƙuri'a. Amma bana sai dai su yi satar a idon jama'a.

A taya mu da addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Yayanka,
Musa